Mai Hura Ƙirjin Tsuntsu

Jiya ɗaya daga cikinku, dogon nan mai sabon takalmin shiga daji, ya ce kwana uku sun isa mutum ya iya aikin nan. A kafa raga, tsuntsu ya faɗa, a sa masa zobe a ƙafa, a ɗauki hoto, a sake shi. Har ya ƙara da cewa wayarsa na faɗa masa sunan tsuntsu da zarar ya yi kuka. Lokacin ina ninke raga. Yau hannuna ba kome, saboda haka ku kife wayoyin ku saurara.

Ni Danjuma, asalina tela ne. Kakana ya zo Kafanchan tun ana shimfiɗa layin dogo, kuma gidanmu ba a san wata sana'a ba sai kasuwa da keken ɗinki. Na haura talatin, da mata da 'ya'ya biyu, ran da wata dattijuwa ta shigo shagona da wani baƙin abu a leda kamar gashin doki. Mama Rifkatu ke nan. Ta koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, kuma wajen wasu Turawa da suka yi shekaru suna zuwa dajin Kagoro ta koyi sa wa tsuntsaye zobe. Abin da ke cikin ledar raga ce, saniya ta ratsa ta tsakiyarta.

"Telan bakin tasha ya ce ba zai iya ba," in ji ta. "Kai fa?"

Zaren ragar ya fi na ɗinkin hula siranta. Kwana huɗu na yi a kanta. Da ta dawo ta sa tabarau, ta bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Sai ta ce in ɗinka mata ƙananan jakunkuna arba'in na yadi, masu zariya. Na ɗinka su tsaf, na juya ɗinkin ciki kamar yadda kowane tela mai mutunci zai yi. Washegari ta dawo min da su duka.

"Ɗinkin a waje nake so. Farcen tsuntsu zai maƙale a zare."

"Mama, ai zai yi muni."

"Tsuntsu ba ya zuwa biki. Warware."

Daga jaka na koma ɗaukar mata gorar kafa raga, daga gora na koma riƙe littafi. Kaka guda da bazara guda na yi ina binta ban taɓa tsuntsu ba. Ku da aka ba ku jiya kuna hoto da shi, ku ji wannan da kyau. Abin da take ba ni shi ne makullan gidanta. Ta cusa su cikin tsohuwar raga, ta murɗa, ta ce in rufe ido in fitar da su ba tare da zare ɗaya ya tsinke ba. Magidanci da ni, ina zaune gindin mangwaro ido rufe ina lalube, matan da ke zuwa rafi suna dariya. In zare ya tsinke sai ta ce, "Ka karya masa ƙafa. Sake."

Tsuntsun farko da na cire da hannuna, da sassafe ne, raɓa ba ta bushe ba. Kafin ka taɓa shi sai ka gano ta wane gefe ya shiga, don ta nan zai fita. Ƙafafu tukuna, sannan fiffike ɗaya, sannan kai, sannan ɗaya fiffiken. Wani lokaci zare kan naɗe harshensa, shi ya sa kullum akwai tsinke a aljihuna. Wuyansa na zama tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, sauran yatsu su kewaye jikin ba matsi. In ka matse, ba zai yi ihu ba, ba zai yi kome ba, numfashi kawai zai daina. Na cire shi cikin minti biyu ina jin kaina. Mama ta duba agogo ta ce, "Da kwarkwasa na kusa, da sun riga ka."

Kayan aikin ba su cika jaka guda ba. Filaya mai ramuka ta matse zobe, zobba a jere a igiya kowanne da lambarsa, rula ta awon fiffike, ƙaramin sikeli, da ɗan gwangwanin roba da ake zura tsuntsu ciki, kai ƙasa, don ya natsu a auna shi. Amma kayan da ya fi duka shi ne bakinka.

Akwai wata 'yar tsuntsuwa da aikinmu ya fi tsayawa a kanta. Ruwan ƙasa ce, ba zane, ba tukku, ba abin da zai sa ka sake kallonta. Tana da suna a littafi, mu dai baƙuwa muke ce mata. A Turai take ƙyanƙyasa. Sanyi na matsowa can sai ta taso, ta ratsa teku da hamada, ta iso mana wajen kaka, ta ɗan zauna, ta wuce kudu. In bazara ta yi, ana jiran ruwan farko, sai ta dawo ta nan a hanyarta ta komawa gida. Wannan dawowar ita ce lokacin aikinmu.

Za ka kwantar da ita rigingine a tafinka, ka hura gashin ƙirjinta a hankali har ya dare. Fatarta ta fi ledar burodi siranta, ana ganin abin da ke ƙasa. Ja, tsoka ce. Rawaya, kitse ne. Akwai wani ɗan rami a ƙasan wuya, can kitse ke fara taruwa, sannan ciki, sannan ƙarƙashin fikafikai. Ana ba shi maki daga sifili zuwa takwas. Wadda ta iso jiya za ka ga ramin wayam, nauyinta giram sha bakwai. Ka sa mata zobe ka sake ta. Bayan mako biyu ko uku ta sake faɗawa raga, ka hura, ka ga ba ja ko kaɗan, duk ta zama rawaya kamar man shanu, tana neman giram talatin. Wannan ba za ka sake ganinta ba bana. Da kitsen nan za ta ƙetare hamada, shi ne abincinta, shi ne ruwanta.

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata me ya hana su zama da ƙiba kullum su huta. Digiri na biyu take yi. Na ce ta ɗauki buhun masara ta guje wa kare ta gani. Mai kitse ba ta tashi da sauri, shaho na son irinta, don haka ba ta tara shi sai tafiya ta zo. Kuma ba ranar da ta sauka take fara ci da yawa ba. Doguwar tafiya na tsuke mata hanji, sai ta yi kwana biyu tana tsattsaga kaɗan kaɗan kafin cikin ya buɗe. Daga nan ta rage bin ƙwari ta koma wa 'ya'yan itace, ɓaure da ƙananan 'ya'yan sarƙaƙiya na bakin rafi. In an yi sa'a ruwan farko ya sauka shinge ya fito, wato garar nan mai fiffike, to ranar biki ce. Mutane na cewa tsuntsayen sun sauka su huta. Ba hutu a ciki. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ci take yi, kwanakinta ƙidayayyu ne, in ta makara wasu sun riga ta wurin sheƙa. Shi ya sa Mama ke cewa, "Duk mintin da ka riƙe ta, abincinta ka ci." Ana zagaya raga duk rabin awa, rana na yin zafi a rufe.

Masu zuwa wurinmu iri iri ne. Akwai Baturen da ya zo da kyamara doguwa kamar taɓarya, ya ce in riƙe masa baƙuwa ta fuskanci rana har gajimare ya wuce. Na buɗe hannuna ta tafi, na ce ta suɓuce. Akwai ɗalibin da na bar wa littafi, na dawo na tarar kowane tsuntsu ya ba shi maki huɗu, wai huɗu ne tsakiya, ba zai yi nisa da gaskiya ba. Yanzu malami ne, yana koyar da wasu. Akwai mutanen ƙauye da suka kai ƙararmu wurin mai unguwa cewa tsafi muke ɗaura wa tsuntsaye. Cikin duk waɗanda na gamu da su, wanda ya fi sanin kitsen baƙuwa wani tsohon maharbi ne da ke kama su da danƙo. Bai san Turai ba, amma ya ce min, "Wannan kafin Ista ƙashi ne. Bayan Ista, ka sa shi a wuta, mai ne zai kashe maka wuta." Abin da wasu ke cika shafi ɗari a kai ke nan.

Wurin da muka fi kafa raga wani kurmi ne a bakin rafi, hanyar Kagoro, mai manyan ɓaure da sarƙaƙiya har ba ka ganin ruwa. Shekara goma sha wani abu muna aiki a nan da izinin tsohon da ke da gonar. Ya rasu, ɗansa ya dawo daga Abuja a shekarar da citta ta yi daraja. Cikin rani ya kawo masu injin yanka itace, suka kwantar da kurmin, suka sa wuta. Ɓaure ɗaya suka bari a kan iyaka, don maƙwabci ya ce nasa ne, da wata 'yar sarƙaƙiya da ba ta fi tsakar gida ba. A shekarar kuma ruwa ya makara, shinge bai fito ba.

Lokacin Mama tana kwance a gida, ɓarin jikinta ya shanye. Aikin ya koma hannun wani malamin jami'a, Dokta muke ce masa. Ba mugu ba ne, kuma ya san littafi. Ya zo da ɗalibai shida da baƙi biyu daga ƙasar waje, waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin. Muka kafa raga goma sha biyu kamar kowace shekara, a kewayen abin da ya saura.

Ban taɓa ganin kamu irin na ranar ba. Tsuntsu bai san an sayar da citta da tsada ba, inda ya sauka bara nan yake dawowa. Duk baƙin tsuntsayen da kurmi guda ke ciyarwa sun taru a kan ɓaure ɗaya. Zagayen farko jakunkuna suka ƙare. Ɗalibai suna murna, baƙi suna hoto. Na hura ta farko, sifili. Ta biyu, sifili. Ramin wuya ya zurma, ƙashin ƙirji ya fito kamar bakin almakashi, wato kitse ya ƙare har ta fara cin tsokarta. Waɗanda muka sa wa zobe ran Litinin suka sake faɗowa ran Laraba, maimakon nauyinsu ya ƙaru sai ya ragu.

Ran Laraban nan na kwance wata jaka na tarar da tsuntsuwa ta mutu a ciki. Ba rauni, ba kome, jiran layi ne kawai ya fi ƙarfinta. Na nuna wa Dokta, ya ce a rubuta, akan samu irin haka. Ran Alhamis kafin ƙarfe takwas wasu biyu suka mutu. Na ajiye filaya, na bi ragogin ɗaya bayan ɗaya na naɗe su.

Dokta ya same ni a ta ƙarshe. "Malam Danjuma, wa ya ce a rufe?"

"Ba wanda ya ce, Dokta. Ba su da ƙarfin zaman jaka."

Ya ja ni gefe don kada baƙi su ji. "Ka saurare ni. Wannan shekarar ita ce ta fi kowace muhimmanci. In ba mu auna ba, wa zai yarda cewa sare kurmi na kashe su? Tsuntsu uku sun mutu. Takardar da zan rubuta za ta iya ceton kurmi goma."

Maganarsa da ƙamshin gaskiya, har yau ban ce babu ba. Na ce to a bar raga biyu, awa ɗaya, a hura a auna a sake nan take, ban da awon fiffike da hoto.

"Ba zai yiwu ba. Dole tsarin ya zama ɗaya da na sauran shekaru, raga sha biyu, awa biyar. In ba haka ba lissafin bai da amfani."

"To, Dokta, sai dai wani hannun."

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani."

Ya ce, "Aikin nan kimiyya ne, ba ɗinki ba." Na miƙa masa filaya da zobba, don na aiki ne. Jakunkuna ni na ɗinka su, amma na bar musu. Na tako har titi na hau mashin zuwa gari.

Direbansu ne ya ba ni sauran labari bayan kwana biyu. Dokta ya sa ɗalibai sun sake buɗe ragogin. Mutum shida masu digiri, ba wanda zai iya cire tsuntsu cikin minti goma. Rana ta yi, tsuntsaye na rataye, kwarkwasa suka hau gora suka sami na layin ƙasa. Wata ɗaliba ta sa reza ta yanka ragar tana kuka. Tara suka mutu ran Juma'a. Ran Asabar suka tattara suka koma, ba don tausayi ba, don baƙin sun daina ɗaukar hoto.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci na je gaida Mama. 'Yarta ta zaunar da ita a kujera a baranda. Na ba ta labari duka, kuma ba zan ɓoye muku ba, yabo na je nema. Ta saurara har na gama. Bakinta ya karkace, magana na fita da ƙyar.

"Nawa ya mutu a hannunka?"

"Uku, Mama."

"Na farko wace rana?"

"Laraba."

"Ka rufe yaushe?"

"Alhamis."

Sai ta ce, "Ka yi latti da kwana ɗaya."

Daga nan ta sa 'yarta ta ɗauko madubin hangen nesanta, ta ce in riƙe, tunda ba ni da raga.

Na koma kan keken ɗinki. Shekara biyu ina ɗinka kayan makaranta da anko na mata zumunta. Dokta ya rubuta takardarsa, an ce ta yi suna, akwai wani zane a ciki da layi ya gangaro ƙasa daidai wannan shekarar. Ya zama farfesa. Kurmi goman da za ta ceta ban san inda suke ba, wataƙila suna wata jiha. Mai gona ya noma cittarsa damina uku, rafi ya cinye gaɓar da ba saiwar da za ta riƙe ta, ya gaji ya koma Abuja. Sarƙaƙiya ta dawo, kun gan ta jiya. Ɓaure kuwa sai jikokinku. A shekara ta uku aka aiko mota shagona, wai Farfesa na gaisuwa, ko zan zo in koya wa sababbin ɗalibai cire tsuntsu. Na ce da sharaɗi ɗaya, ni ke cewa a rufe. Aka ce an yarda. Shi ya sa kuke zaune gabana.

Saura abu ɗaya daga waccan shekarar. Bayan na bar aikin, kullum kafin in buɗe shago nakan hau mashin in je gindin ɓauren nan da madubin Mama. A shekarar, ban da zoben ƙarfe, muna ƙara na roba masu launi don a gane tsuntsu daga nesa. Akwai wata baƙuwa da na sa wa ja a kan fari da safiyar Alhamis ɗin, ita ce ta ƙarshe da ta bi ta hannuna kafin in naɗe raga. Giram sha huɗu. Da na buɗe hannuna ba ta tashi nan take ba, sai da ta ɗan zauna a tafina, sannan ta faɗa cikin sarƙaƙiya.

Na gan ta bayan mako guda tana bin reshe. Ruwa ya sauka a makare, shinge ya fito, waɗanda suka rage suka samu suka ɗan cika, suka yi ta raguwa. Kafin tsakiyar Mayu ba baƙuwa ko ɗaya a wurin sai ita. Tana ci, amma lokacin ya wuce. A watan Yuni, sa'ad da 'yan'uwanta ke kan ƙwai a wata ƙasa, tana nan tana tsattsagar ƙwari a gefen kunyar citta tare da tsuntsayen gida, waɗanda ke korarta in ta matso. A Yuli na gan ta sau biyu, cikin ruwa, gashinta ya yamutse. A Agusta na je sau huɗu, ban gan ta ba.

Da na dawo aiki na nemi littafin waccan shekarar na buɗe shafin Alhamis. Lambarta na nan a layin ƙarshe, da nauyinta, da sifili a gidan kitse. Akwai gida ɗaya a ƙarshen layi inda ake rubuta halin da aka saki tsuntsu. Da rubutun hannuna, an sa "lafiya."